Mutanen Dutse a Tseren Kwale-kwalen Gaya

Tun da muka dawo ban huta ba. A ɗakin malamai, a ƙofar coci bayan an tashi sujada, har wurin mai facin taya da ke kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa, tambayar ɗaya ce: "Ticha, wai da gaske kun ci kofi a Nijar?" In na ce da gaske ne, sai a ce to yaya aka yi mutanen dutse suka fi masunta tuƙi. Na gaji da ba da shi gutsure-gutsure, kuma na lura labarin ya fara yin rassa a bakin mutane, don shekaranjiya wani ya rantse mini cewa dorina ce ta tura jirginmu. Shi ya sa na zauna in rubuta shi yadda ya faru.

Ni malamin wasanni ne a wata sakandare a Kafanchan. Bayan an gama haƙar citta, wani tsohon abokin karatuna da ke aiki a Kebbi ya kira ni, cikin hira ya ce za a yi tseren kwale-kwale a Gaya, ana gayyatar baƙi daga maƙwabta, kuma wata ƙungiya ta ɓangarenmu ta janye. Da wasa ya ce ko zan kawo 'yan Kafanchan. Ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba, saboda ƙauyen su matata Saratu, can wajen Kauru, a bakin kogi yake. Da damina ruwa kan raba su da kasuwa, mazan ƙauyen ne ke ƙetarar da mutane da babura da buhunan masara a cikin ruwa mai gudu da duwatsu.

Mutum goma ake so a jirgi: takwas masu filafili, ɗaya a baya mai juya jirgin, ɗaya a gaba mai ba da murya don hannu ya zo ɗaya. Na baya ba a yi gardama a kansa ba, Baba Ishaya ne, kawun matata, wanda ya yi furfura a wannan aiki. Cikin masu filafili mafi ƙarfi shi ne Luka, ɗan ƙauyen ne amma acaba yake yi a Kafanchan. Duk wanda ke zuwa kallon ƙwallo a garin nan ya san Luka, don ba a cika tashi wasa ba a ga rigarsa a yage wurin faɗa ba. Na yi ta tunani kafin in sa shi. Ni na ɗauki kujerar gaba. Saratu kuma, wadda ke jagorar mawaƙa a cocinmu, ta ce da ita za a tafi.

"Maman Grace, wurin maza ne fa," na ce.

"Baban Grace, wa zai dafa muku? Ku je ku ci abin da cikinku bai sani ba, ku kwana a bayi, ku ce kun je tsere?"

Muka ɗauki hayar bas, muka ɗaure filafilanmu a sama tare da buhun citta na tsaraba. Fasto ya yi mana addu'a, ya roƙi Ubangiji ya kai mu ya dawo da mu cikakku. Ban ji ya ambaci nasara ba. Muka bi ta Kwoi, muka faɗa Bwari, Suleja, Minna. Bayan Minna rana ta yi zafi, muna cikin gyangyaɗi sai muka ji wani abu ya fashe a ƙarƙashin kujerar baya. Direba ya taka birki, kowa ya sunkuya, don hanyar nan ba a wasa da ƙara a cikinta. Sai wari ya tashi. Ashe Baba Ishaya ya ɓoye galan na burukutu a cikin buhun kayansa, zafi ya kumbura shi har murfin ya yi tsalle.

"Magani ne na sanyi," in ji shi, yana share wuyan rigarsa.

Saratu ba ta yi masa faɗa ba. Cewa ta yi, "Kawu, inda za mu ba gida ba ne." Ta sa ya zubar da ragowar a gindin wata bishiya, ya tsaya yana kallonsa kamar mai binne ɗan'uwa. Muka wanke motar da omo, amma har Kontagora, inda muka kwana saboda direba ya ce shi ba ya tafiyar duhu, duk wanda ya leƙo tagarmu sai ya ja baya.

Washegari a Yawuri muka fara ganin Kwara. Kogin da muka yi atisaye a cikinsa, in ka yi kira daga wannan gefe na wancan gefen zai amsa. Wannan kuwa sai ka ƙanƙance ido kafin ka ga bishiyoyin ƙetare. Baba Ishaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ticha, wannan ruwa, ina ɗaya gefen shi?" Ba wanda ya yi dariya.

A Kamba muka iske iyaka. Namu suka duba takardu suka sallame mu. Da muka isa wajen na Nijar, wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya zagaya motar ya tsaya a kan filafilan. Ya tambayi garinmu, muka ce Kafanchan. Ya ce ya taɓa jin sunan, ai nan ne garin citta da duwatsu, to me mutanen can za su yi da wannan itace? Na nuna masa takardar gayyata, ya karanta, amma fuskarsa ba ta yarda ba. Ya nuna wani dogon benci a ƙarƙashin rumfa ya ce, "To ku gwada mini." Haka ƙarti takwas suka hau benci, Baba Ishaya a baya, ni a gaba ina ƙirga, muna tuƙa ƙasa busasshiya, masu canjin sefa da masu tallan ruwa sun kewaye mu suna tafi. Mutumin ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya buga hatimi ya ce, "Ku tahi lahiya. Allah shi hisshe ku dorina."

An sauke mu a wata makarantar firamare, su lakwal suke cewa, aka ba mu aji ɗaya da tabarmi, Saratu kuma aka kai ta gidan shugabar makarantar. Mai gadin ya tambayi aikina, na ce koyarwa. Fuskarsa ta washe, ya ce, "Ashe kai mushe ne." Luka ya miƙe tsaye, sai da na riƙe hannunsa. Daga baya muka gane haka suke kiran malamin boko, girmamawa ce. Tun daga ranar yaran nan ba su sake ce mini Ticha ba.

Hausarsu ta ba mu wuya, tamu ma ta ba su. Mu muna cusa Turanci, su suna cusa Faransanci, kuma suna mamakin yadda Baba Ishaya ke ce wa mace "ka". Kogin da muke kira Kwara, su kuwa Isa suke ce masa. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa na yanka dadashi; Baba Ishaya ya ce a ajiye masa ɗaya ko filafilinsa zai karye. Dambunsu da zogale kuwa ba mu bar ko ƙwaya ba, haka kifin da aka gasa da yaji. Shayi a ɗan mitsitsin kofi ake ba ka, mai ɗaci kamar magani, in ka shanye ka tashi sai a ce ka zauna, saura na biyu da na uku. A gida in baƙo ya zo kwanon kunu ake dire masa ya sha ya ƙoshi. Saratu ta dafa mana pate da accar da ta ƙullo, ta aika wa shugabar makarantar kwano ɗaya, kwanon ya dawo cike da soyayyen kifi.

Ana gobe tsere aka tara duk ƙungiyoyi a bakin kogi. Babban alƙalin wasan tsohon jandarma ne, dogo, siriri, kowa na ce masa Kumandan. Ba ya ɗaga murya, amma in ya fara magana har masu wanki sukan dakata. Ya yi bayani da Faransanci, ya yi da Zabarmanci, sannan ya juyo da Hausa. Kowa zai sa rigar ceto, a ɗaure ta har wuya, ko da a cikin ruwa aka haife shi. Wanda aka ji warin giya a bakinsa, jirginsa duka ya fita. Nan Saratu ta kalli kawunta, shi kuma ya kalli sama. An ja layi da jarkoki a kan ruwa, kowane jirgi ya tsaya a hanyarsa. In jirgi ya kife, kada kowa ya nufi gaɓa, a riƙe jikin jirgin a ƙirga juna har masu ceto su iso. In aka ji dogon usur, dorina ce ko wani haɗari, a bar tsere a bi jirgin alƙali. A wurin juyawa, inda aka kafa wani babban jirgi a tsakiyar kogi, wanda hancin jirginsa ya riga isa shi ke da hanya.

Sai ya ɗauki filafili ya riƙe shi daidai kafaɗarsa.

"Wannan na ruwa ne. Wanda duk ya ɗaga shi ya wuce nan don wani mutum, ko shi aka fara bugu, shi da jirginsa sun tahi gida. Hukunci nawa ne, ba naku ba."

Ban kalli Luka ba, amma sauran duk sun kalle shi.

Doka ta ƙarshe ita ce ta kayar da ni. Kowa sai ya nuna ya iya iyo: a kai ka cikin kogi, ka faɗa da tufafinka ba rigar ceto, ka fito gaɓa da kanka. Mutanena suka yi ta faɗawa suna fitowa, har Baba Ishaya. Ni na iya iyo, amma irin na ruwa mai tsayawa wuri ɗaya. Da na faɗa, sai na ji kogin ya kama ƙafafuna ya yi gaba da ni. Ina ta bugun ruwa, gaɓa tana wucewa ta gefe. Na sha na ƙoshi kafin masu ceto su jefo mini tiyub su jawo ni kamar buhu.

Kumandan ya jira na gama tari, sannan ya ce, "Mushe, a tudu kai ne shugaba. Cikin jirgi a'a." Ya ƙara da cewa jirgi mai mutum tara ba ya shiga tsere, kuma ba a aron ɗan wata ƙungiya.

Na zauna a kan yashi jiƙe sharkaf. Mutanen nan sun bar gonakinsu da sana'arsu, coci ta yi mana gudummawa, mun ratso ƙasa guda, ga shi ni da na tara su ni na hana su shiga ruwa.

Sai na ji muryar Saratu a bayana. "Ranka ya daɗe, dokar cewa ta yi sai namiji?"

Kumandan ya dube ta. "Doka cewa ta yi mutum. Wanda ya iya iyo, ya sa riga."

Ta karɓi wandon wasannina ta shiga bayan wata rumfa ta sa, ta ɗaure ɗankwalinta tamau. Na san a bakin kogi ta girma, amma tun da muka yi aure ban taɓa ganin ta a ruwan da ya wuce gwiwa ba. Aka kai ta inda aka kai ni, ta faɗa. Ba ta yi faɗa da kogin ba, ta bar shi yana tura ta tana yankawa a karkace, ta fito daidai inda mata ke wanki. Matan suka saki guɗa. Wasu maza suka yi gunaguni, Kumandan ya juya ya kalle su, gunagunin ya mutu.

Ranar tsere gaɓa ta cika maƙil, ga makaɗa, ga masu tallan rake, har a kan bishiyoyi mutane. Kumandan ya ji tausayina ya ce in shiga jirginsa mai inji, ya ɗaure mini rigar ceto da hannunsa, ya ƙara jan igiyar. A zagayen farko Saratu ta gwada ƙirgawa irin tawa, hannu ya ƙi zuwa ɗaya, muna na baya. Sai ta bar ƙirga ta ɗauko waƙar da ake yi a ƙauyensu in ana gayyar noma, da yarensu, tana bayarwa suna amsawa. Nan take jirgin ya miƙe. Na biyu muka zo, kuma na biyu ya isa shiga zagayen ƙarshe.

Jirage huɗu ne a ƙarshe: mu, da wasu daga ƙetaren Benin, da 'yan garin, da masuntan wani ƙauye na sama da kogi masu koren jirgi, waɗanda kowa ya ce su ke ci kullum. Aka busa usur. A miƙaƙƙiyar hanya ba mu kai su ba, gaskiya ke nan. Koren jirgi da na Benin suka ba mu rata. Amma da aka doshi wurin juyawa, sai na ga duk suna buɗewa waje don su yi babban kwana, yadda mai faffaɗan ruwa ya saba. Baba Ishaya kuwa duk rayuwarsa tsakanin duwatsu yake kwana. Ya nufi jirgin da aka kafa kai tsaye kamar zai haye shi, hancinmu ya riga na kowa isa, ya dasa filafilinsa, jirgin ya juya a wuri ɗaya. Na ji Kumandan ya yi wata magana da Faransanci a ƙasan maƙoshi.

Masu koren jirgi suka ga hanya ta kuɓuce musu, suka yanko ciki. Gefensu ya daki namu, ruwa ya shigo, jirginmu ya yi tangal-tangal. Cikin wannan rikici wani daga cikinsu, ƙato mai jan rawani, ya ɗaga filafili ya sauke wa Luka a goshi. Ƙarar ta iso har inda muke.

Jini ya rufe masa ido ɗaya. Na ga ya taso daga mazauninsa, filafilin ya baro ruwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Kumandan ya riga ya sa usur a baki. Mai jan rawani yana nan dab da shi, hannu ɗaya ya isa. Ni dai na ce shi ke nan, mun tafi gida.

Saratu ta yanke waƙar. Ba ta yi ihu ba, amma muryar mai jagorar mawaƙa ba ta ɓata a cikin hayaniya.

"Luka. Dube ni. Sa shi a ruwa, ɗana."

Ya tsaya haka, rabi a tsaye, ƙirjinsa na hawa da sauka. Sannan ya koma ya zauna, ya soka filafilin a ruwa da ƙarfin da ya tanada wa kan mutumin, har jirgin ya zabura. Saratu ta ɗora waƙar daga inda ta tsaya. Kumandan ya busa gajeren usur, ya nuna wa koren jirgi jar tuta, suka fita. Ma'aikaciyar jinyar da ke jirgin Kumandan ta matso ta tambayi Luka ko yana gani, ya gyaɗa kai bai daina tuƙi ba.

An bar 'yan garin can baya, saura mu da na Benin, waɗanda suka gama kwanansu lafiya suka biyo mu. Ruwan da ya shiga jirginmu ya yi mana nauyi, suna ta cin ratar kaɗan-kaɗan. Ɗaya daga cikin yaranmu ya so ya tsaya kwarfa, Baba Ishaya ya daka masa tsawa ya ci gaba. Gaɓa duka ta ɗauki amshin waƙar, mutanen da ba su san ko kalma ɗaya ta yaren ba. Ni ma ina tsaye ina yi, Kumandan ya jawo ni ta igiyar riga ya zaunar da ni, ya ce doka ta hana tsayuwa. Da aka ƙetare igiyar ƙarshe, hancin jirgin Benin yana daidai inda Baba Ishaya ke zaune. Mu ne na ɗaya.

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Matan Gaya suka ɗauke Saratu daga cikin ruwa, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa ba sai a gaban rumfar manya. Aka ɗinke goshin Luka, ya hau ya karɓi kofin da bandeji a kai. Kumandan ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba, ya ce a gaban kowa ya ga masu ƙarfi da yawa a kogin nan, amma mai mayar da filafili ruwa bayan ya kai ƙirji ba su da yawa.

Da yamma muna haɗa kaya sai ga mai jan rawani da wani dattijo, shugaban masuntansu, ɗauke da kwandon bandar kifi. Dattijon ya ce yaronsu ya kunyata su, sun zo ba da haƙuri. Luka ya kalli mutumin, ya kalli kifin, ya ce, "Hannunka na da nauyi, bros." Ya miƙa masa hannu. Muka buɗe buhun citta muka cika musu kwandonsu, muka raba sauran tsakanin Kumandan da shugabar makaranta.

A dawowa ma'aikacin duwan ɗin nan ya ga kofin a gaban mota, ya sa aka sauko da shi ya ɗauki hoto da shi. Labari ya riga mu isa gida ta waya, tun daga Kwoi 'yan acaba suka tare mu, suka rako mu Kafanchan da hon har ƙofar coci.

Cikin taron akwai mahaifiyar Luka, wata 'yar tsohuwa da ta taso daga ƙauye tun safe. Ba ta kalli kofin ba. Ta ratsa mutane ta kama haɓar ɗanta, ta juya fuskarsa tana duban ɗinkin.

"Wa ka buga kuma?"

"Ban buga kowa ba, Mama. Ni aka buga."

"Shi ɗaya mutumin yana asibiti?"

"Yana gidan shi lafiya. Har kifi ya kawo mini."

Ta sake shi, ta juyo wurina. Na ce haka aka yi, Mama, a gabana. Ba ta gamsu ba sai da ta tambayi Saratu da yarensu, Saratu ta amsa mata. Tsohuwar ta kalli ɗanta, sannan ta kwance gyalenta ta shimfiɗa a kan matakalar coci ta zauna, ta ce ba inda za ta sai an ba ta labarin tun daga farko, kuma a bi a hankali in an zo wurin da Luka ya koma ya zauna bai rama ba.